Daga Fijo 504 Zuwa Motar Kwamfuta: Tarihin Wayarin Mota da Gobarar Motar Kawuna a Wudil

 Yau Wudil za mu je, unguwar Sabon Gari inda na tashi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ranar Juma'a ya san yadda garin nan ke cika. Tireloli na lodin shanu a kara, ƙananan motoci na sauke 'yan kasuwa, gada ta cushe. A gefen titi kuma ga garejoji, kowanne da bakanike da mai faci da mai gyaran wuta, wanda muke kira mai wayarin. A kan wannan na ƙarshen zan yi magana: daga ina sana'arsa ta faro, yaya mota ta sauya a hannunsa, kuma me ya sa dabarar da ta yi aiki a zamanin iyayenmu take ƙona mota a yau. Ina da dalilin da ya sa abin ya dame ni. Motar kawuna, wadda da ita ake ciyar da gidanmu, ta ƙone ƙurmus saboda 'yar wayar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Zan zo kan labarin, amma bari mu fara daga tushe.

Batirin da ke cikin motarka ya girmi motar kanta. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batir mai dalma da ruwan asid a 1859. Motocin farko kuwa ba su da wani aikin wuta mai yawa. Ƙarfe ake zurawa a gaban injin a murɗa da hannu kafin ya tashi, in injin ya yi tutsu ya dawo da baya, sai ya karya wa mutum hannu. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fitar da mota mai tashi da wutar batir, aikin wani injiniya Charles Kettering. Ku lura, wannan shekara ɗaya ce kacal bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. Wato lokacin da kakanninmu ke zuwa kallon jirgin ƙasa, a lokacin ne aka haifi abin da muke kira kik.

Daga nan wayoyi suka riƙa ƙaruwa: fitila, oda, waifa, sigina, rediyo. Volt 6 ake amfani da shi da farko, sai a shekarun 1950 yawancin kamfanoni suka koma volt 12. A 1960 kamfanin Chrysler ya fara sa altaneta a madadin tsohon dinamo don cajin batir, sauran kamfanoni suka bi sahu. Ku riƙe wannan batu na altaneta, za mu dawo kansa.

A nan gida, shekarun 1970 ne mota ta zama ruwan dare. A watan Afrilun 1972 Najeriya ta sauya hannun tuƙi zuwa dama. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Bayan haka aka samu Steyr a Bauchi, da masana'antar manyan motocin Fiat a nan Kano. Amma sarauniyar hanya ita ce Fijo 504. A Faransa an daina ƙera ta tun 1983, a Kaduna kuwa aka ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce motar haya daga Kano zuwa Wudil, Gaya, Birnin Kudu har Azare.

In ka buɗe bonet ɗin 504 komai a fili yake. Ga batir, ga kwayil, ga distiributa, ga fulogi huɗu, ga kafireto. Fis ɗinta ma 'yan kaɗan ne. Mai wayarin na wancan zamani kayan aikinsa ba su wuce filaya da sukundireba da ƙwan fitila da aka ɗaura wa waya biyu ba. In yana neman wuta, sai ya goga waya a jikin ƙarfe ya ga ko za ta yi tartsatsi. In yana son ya san ko mota na caji, sai ya tayar da ita ya zare kan batir. In ba ta mutu ba, ya ce caji lafiya. Haka ubangidansa ya koya masa, haka shi ma ya koya wa yaransa. Kuma maganar gaskiya, mota irin 504 takan jure wannan, don babu ƙwaƙwalwar lantarki a cikinta da za ta ƙone. Ba na raina mutanen nan. Da kunne da ido suka riƙe motocin ƙasar nan shekara da shekaru.

Sai kiɗa ya sauya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi. Aka koma sayen motocin da Turawa suka gama hawa, ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a shigo da su, shi ya sa har yau muke cewa 'yar Kwatano. Golf, Sharan, Honda, Toyota suka cika tashoshinmu. Su kuma waɗannan motoci wani irin gini ne daban. Tun 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fara sa na'urar lantarki mai sarrafa feshin fetur a wata motar Volkswagen. A 1991 Mercedes ta fitar da motar da kwamfutocin cikinta ke magana da juna ta waya biyu kacal. A 1996 Amurka ta wajabta wa duk sabuwar mota wani soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake jona na'urar bincike, Turai ta bi baya a 2001 ga motocin fetur. Duk waɗannan motoci sun ƙaraso garejin Sabon Gari, suka tarar da mai wayarin da ƙwan fitilarsa da filayarsa. Ba wanda ya kira shi ya ce masa ga abin da ya canza.

To a nan labarin kawuna ya shigo. Ya yi shekaru yana jan 504 ta wani, ya yi adashi, ya sayar da 'yar gonar gado, ya sayi Golf doguwa tasa ta kansa. Wata rana fitilun baya suka daina kamawa. Aka duba, fis ya ƙone. Aka sa sabo, kwana biyu ya sake ƙonewa. Aka sa na uku, shi ma haka. Ranar wata Juma'a da sassafe, fasinja na jira, maigidan garejin bai fito ba, sai yaronsa. Yaron ya ce: "Alhaji, fis ɗin yanzu duk jabu ne, bari in yi maka dabara." Ya tsinko zaren waya, ya naɗa a ƙafafun fis ɗin da ya mutu, ya mayar. Fitila ta kama. Kawu ya sa masa albarka, ya ba shi na shayi.

Da dare, a kan hanyar dawowa daga Kano, wata mata a kujerar baya ta ce tana jin ƙaurin roba. Kafin kawu ya gama sauka gefen titi hayaƙi ya turnuƙe motar. Allah ya kiyaye, duk fasinjojin suka fita da ransu, har da jariri. Amma ba abin kashe gobara a motar, ba sifana a kusa da za a kwance kan batir. Suna tsaye suna salati ta cinye. Shekara uku kawu ya yi yana karen mota da tuƙin motar wasu kafin ya farfaɗo, kuma a shekarar ne yayata ta bar makaranta.

Bayan kwana biyu wani dattijo mai wayarin, wanda ya taɓa aiki a Kaduna, ya je ya duba gawar motar. Ina tsaye a wurin. Ya bi wayar fitilun baya har inda ta ratsa ta gefen but, ya nuna wa kawu wurin da kayan da ake lodawa suka goge robarta, tagullar ta riƙa taɓa jikin mota. Kawu ya ce: "Baba, ashe ba fis ɗin ne jabu ba?" Dattijon ya ce: "Alhaji, fis ɗin nan sau uku yana gaya muku akwai ɓarna, ku kuka toshe masa baki."

Bari in fassara maganarsa. Batirin mota na iya tura ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, ita kuwa siririyar wayar fitila an yi ta ne don ɗaukar kaɗan. Fis shi ne wurin da aka raunana da gangan, don in wuta ta yi yawa ya tsinke kafin waya ta yi zafi. Irin fis mai ƙafa biyu na roba da muke gani yanzu ya fito ne a 1976, kuma launinsa na faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In ka cire ja ka sa kore, ko ka naɗa waya ko takardar sigari, ka mayar da ita kanta wayar motar ta zama fis. Ita kuma a cikin kafet da soso take kwance.

Haka zancen zare kan batir mota na aiki. Batir ne ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke fitarwa. In ka zare shi, wutar na iya ninka volt 12 sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ta ƙona birenbos, wato kwamfutar injin. Gwajin da ya dace ba ya cin minti biyu, da 'yar mitar da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa. Mota a kashe, cikakken batir zai nuna kusan volt 12.6. In an tayar da ita, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. In bai hau ba, matsalar caji ce. In batir na mutuwa cikin dare, a sa mita a auna wutar da motar ke sha tana kashe, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har a ga layin da ke satar wutar. Goga waya a ƙarfe don ganin tartsatsi shi ma ya zama haɗari, don wata wayar kai tsaye take zuwa kwamfuta. Soket mai launin rawaya kuwa galibi na jakar iskar da ke fashewa lokacin hatsari ne, ba a tsokanarsa da ƙwan gwaji.

Akwai kuma lafiyar shi kansa mai gyaran. Kafin a taɓa waya, a fara kwance kan batir na negetif, in za a mayar shi ne na ƙarshe. Dalili shi ne jikin mota gaba ɗaya negetif ne. In ka fara da fozitif sifana ta taɓa ƙarfe, za ta yi ja a hannunka. A cire zobe da agogon ƙarfe. Batirin da ke caji yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, don haka ba sigari, ba ashana a kusa, kuma ruwansa na makantar da ido. In an haɗa waya biyu, a yi mata soda a rufe da kyau, kada a murɗa da hannu a naɗa leda.

Yanzu garejoji da yawa sun sayi na'urar bincike, abin da muke cewa a sa wa mota kwamfuta. Ci gaba ne, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na'urar lamba take bayarwa. P0171, alal misali, na nufin iska ta fi fetur yawa a cakuɗin da injin ke ƙonawa. Tana iya zama tiyo ne ya tsage, ko famfon mai ya yi rauni, ko sansa ya yi datti. Wanda ya ga lamba ya ce a sayo sabon sansa ba tare da ya auna komai ba, canki-canka yake yi da kuɗinka. Wanda kuma ya goge lambar don fitilar gargaɗi ta mutu, ɗan'uwan yaron nan ne mai naɗa waya a fis.

Kuma kiɗan bai gama sauyawa ba. Toyota ta fitar da Prius a 1997, mota mai haɗa fetur da lantarki, kuma irinta sun fara yawa a titunan Kano. Wayoyinsu masu launin lemo na ɗauke da sama da volt 200, wanda ke iya kashe mutum nan take. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, direbobi na ta mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas, wanda ke nufin ƙarin wayoyi kusa da tulun gas. Abin da ke ba ni takaici shi ne, a garin nan namu akwai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, ga kuma kwalejin koyon sana'a ta gwamnati, amma yaron gareji a Sabon Gari zai yi shekara biyar yana koyon aiki bai taɓa ganin zanen taswirar wayoyin mota ba. Da ƙungiyar makanikai da waɗannan makarantu za su zauna su shirya ko da darasin yamma ne na 'yan makonni da Hausa, a koya karanta mita da taswira, da an rage asara mai yawa.

Kai kuma direba ko mai mota, naka aikin ba shi da wuya. In fis ya ƙone sau biyu a wuri ɗaya, kada ka yarda a sa na uku sai an nemo dalili. Ka ajiye abin kashe gobara inda hannunka zai kai, da sifana lamba 10 a aljihun ƙofa, don ita ce ke kwance kan batirin yawancin motoci. Kuma ka daina matsa wa mai gyara da "yi sauri fasinja na jira". Kawuna har ya rasu yana cewa rabin laifin nasa ne, don shi ya hana yaron jiran ubangidansa.

Masu sana'ar wayarin da ke saurare, ina son jin ta bakinku a ƙarƙashin wannan rubutu, musamman dattawan da suka yi zamanin 504. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu.