Haɗa Kishiyoyi a Zancen Hausa: Nazari Daga Maje

Daga cikin dabarun adon harshe, wato hanyoyin da mai magana ke bi domin ƙawata zance da ƙara masa nauyi, akwai wadda ake haɗa kalmomi biyu masu kishiyantar juna a wuri guda, kamar yadda ake ji a "kukan daɗi" da "mutuwar tsaye", da kuma karin maganar da ke cewa "shiru ma magana ce". Malaman balagar Larabci suna kiran tara kishiyoyi a zance ɗaya da suna ɗibaƙi. Nazarin salo a Hausa, wanda masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau suka shimfiɗa, ya ginu ne galibi a kan waƙa, alhali wannan dabara ta fi yawo a bakin 'yan kasuwa da direbobi, kuma a can ya kamata a fara nemanta.

Wajibi ne a bambanta ta da tufka da warwara, domin mai tufka da warwara yana rushe maganarsa ta farko ne da ta biyu, shi kuwa mai haɗa kishiyoyi yana tsayar da su duka, saboda halin da yake siffantawa ya ƙunshi ɓangarorin biyu a lokaci guda.

Maje, da ke Ƙaramar Hukumar Suleja a Jihar Neja, misali ce da ke fayyace haka. A nan kamfanin NNPC yake da ma'ajiyar man da ke hidimta wa Abuja da kewayenta, kuma tankoki sukan yi jerin gwano a gefen hanyar da ta nufi mahaɗar Dikko, amma a lokutan ƙarancin mai ɗan acaɓan da ke ratsa tsakaninsu yakan ƙare da sayen kwalba ɗaya a hannun 'yan bumburutu. Bahaushe na da maganar da ta dace da wannan hali, wato "ga ƙoshi ga kwanan yunwa". Ƙarfinta yana cikin gininta ne, domin kalmar nuni "ga" ta zo sau biyu, ta ajiye wadata da rashi kafaɗa da kafaɗa ba tare da "amma" ta shiga tsakani ba, don haka mai sauraro ba ya samun damar zaɓen ɗaya ya saki ɗaya. A "kukan daɗi" kuwa, harafin liƙi "-n" ne ke wannan aiki, inda ya mayar da daɗi tushen kukan.

Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, sai karin maganar "ga ƙoshi ga kwanan yunwa" ta ɗauki sabuwar ma'ana ba tare da an sauya mata ko kalma ɗaya ba: ƙoshin ya koma famfon gidan mai, yunwar kuma ta koma aljihun mai saye.