Tarihin Kallabi Cikin Sujada: Daga Koranti Zuwa Gombe

 

Wata ran Lahadi na je wa'azi a wata majami'a a nan cikin gari. A bakin ƙofa na iske wata yarinya, 'yar makaranta, tana share hawaye. Na ce, "'Yata, lafiya?" Ta ce, "Baba, an ce in koma gida, ban ɗaura kallabi ba." Wannan ce ranarta ta fari da zuwa sujada bayan shekara biyu. Kafin in shiga in yi magana da dattawa, ta riga ta tafi. Abin ya tsaya mini a zuciya. Saboda haka yau za mu bi tarihin kallabin nan, mu ga inda ya fito da kuma abin da yake nufi.

Mafarin zancen yana cikin 1 Korantiyawa sura 11, aya 2 zuwa 16. Koranti birni ne na ciniki a ƙasar Girka. Romawa suka rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, sa'an nan Yuliyas Kaisar ya sa aka sāke gina shi a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu. Manzo Bulus ya zauna a can shekara ɗaya da wata shida, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 18 ta faɗa mana. Daga baya, yana Afisa, ya rubuta musu wasiƙa.

A zamanin, matar aure mai mutunci takan ja mayafinta bisa kanta idan ta shiga taro. Manyan mazan Romawa kuma sukan rufe kansu da gefen rigarsu sa'ad da suke miƙa hadaya ga gumaka. Masu tonon tarihi sun sami mutum-mutumin Kaisar Augustas a Koranti, kansa a lulluɓe haka. Bulus ya ce namiji ya buɗe kansa cikin addu'a, mace kuwa ta rufe nata. Ya kafa hujja da tsarin shugabanci, da halitta, da mala'iku, da kuma al'adar ikilisiyoyin Allah. Ku lura da abu biyu da mukan tsallake. A aya ta 5 macen tana addu'a, tana annabci a cikin taro, wato kallabin bai rufe mata baki ba. A aya ta 11 da 12 kuma ya nuna cewa cikin Ubangiji namiji da mace kowa yana bukatar ɗan'uwansa, dukansu daga wurin Allah suke.

Wajen shekara ta 200, wani malamin ikilisiya mai suna Tatuliyan, a birnin Kartaj, ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta littafi guda a kan lulluɓin budurwai. A garinsu ana gardama: matan aure kaɗai ne za su rufe kai, ko har da 'yan mata? Shi ya ce dukansu, ya kuma ba da shaida cewa mutanen Koranti na zamaninsa suna lulluɓe 'yan matansu. Har ya yi wa waɗansu mata faɗa don sukan ɗora ɗan ƙyalle kamar zare bisa kai su ce sun rufe. Kun ga gardamar nan ba a Gombe aka fara ta ba, ta fi shekara 1,800.

Ƙarni bayan ƙarni matan Kirista a Turai suna rufe kai cikin sujada. Ikilisiyar Katolika ta rubuta shi cikin dokokinta na 1917. Amma daga shekarun 1960 al'adar ta fara raguwa a Turai da Amurka, kuma sabon littafin dokokin Katolika na 1983 bai ambace ta ba. A Habasha da Masar da Indiya kuwa, mata da yawa suna riƙe da ita har yau.

To, yaya ta iso wurinmu? A 1893 Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan. Biyu suka mutu, Bingham kaɗai ya koma. Daga aikinsu aka sami mishan ta SIM. A 1917 John Hall da Gordon Beacham suka iso Kaltungo. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, a 1954 kuma aka kafa ECWA. Kakata takan gaya mana cewa a ƙuruciyarta bisa dutse ba ta san kallabi ba. Zane da kallabi a kasuwa ta fara ganinsu wurin fatake, ta ɗaura na farko kuwa lokacin da take ajin baftisma. A wurinta kallabin nan shaida ce cewa ta bar tsafi ta bi Yesu, ta sha zagi a kansa. Da Zumuntar Mata ta yi ƙarfi, zane da kallabi iri ɗaya suka zama alamar mata masu bi a duk arewa. Maza kuma suka koyi tuɓe hula a ƙofar majami'a, ko da yake a ƙasarmu hula ce cikar mutuncin namiji. Wannan ma daga sura ɗaya ya fito.

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha ran 1 ga Oktoba 1996, gari ya cika da baƙi, da ɗalibai, da sababbin ikilisiyoyi. Waɗansu malamai suna cewa umarnin na kowane zamani ne, gama Bulus ya jingina shi da halitta. Waɗansu suna cewa ladabi da tsari su ne na kowane zamani, mayafin kuwa alamar Koranti ce, suna kuma nuna aya ta 15 inda aka yi zancen gashi. A ɓangaren nan biyu akwai masu tsoron Allah.

Ga shawarata. Ni ina ƙarfafa 'yan'uwa mata su riƙe kallabi cikin sujada. Nassi ya ambace shi, iyayenmu sun riƙe shi da tsada, maƙwabtanmu Musulmi kuma suna duban mutuncin taronmu. Amma kallabi ba ya ceto. Afisawa sura 2 ta koya mana ceto ta wurin alheri ne, Yakubu sura 2 kuma ta tsawata wa masu auna mutum da tufafinsa a cikin taro. Dattawa da masu tsaron ƙofa, kada a sāke korar kowa. Iyayenmu na Zumunta, ku ajiye kallabi biyu ko uku masu tsabta a majami'a, ku miƙa da fara'a. Wadda ba ta karɓa ba, a bar ta ta zauna ta ji Maganar Allah, koyarwa za ta biyo baya. Uwaye, ku gaya wa 'ya'yanku dalilin abin tun a gida.

Yarinyar nan har yau ban sāke ganinta ba. 'Yata, idan kina jina, ki dawo, ƙofa a buɗe take.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu ladabi a gabanka da ƙauna ga juna, ka komo da waɗanda muka kora cikin rashin sani. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.