Fitattun baƙin tawagar Blue Angels

Blue Angels tawagar matuƙa jiragen yaƙi ce ta rundunar sojan ruwan Amurka, wadda ke nuna bajintar sarrafa jirgi a sararin sama. An kafa ta a shekarar 1946 bisa umarnin Admiral Chester Nimitz, kuma mazauninta yana Pensacola a jihar Florida. Tun 2021 take amfani da jirage ƙirar F/A-18 Super Hornet. Jirgi mai lamba 7 kujeru biyu gare shi, shi ne ake ɗaukar baƙi a cikinsa: 'yan fim, 'yan wasa, 'yan jarida da malaman makaranta.

Alaƙar tawagar da fitattun mutane ta samo asali ne daga dalilin kafa ta, wato jawo hankalin jama'a ga rundunar da kwaɗaita wa matasa shiga aikin soja. Sanannen mutum kan kai labari inda ƙarar jirgin ba ta isa ba. A 1986 ƙungiyar mawaƙa ta Van Halen ta fitar da bidiyon waƙa da hotunan tawagar, a 2024 kuma ɗan fim Glen Powell na cikin waɗanda suka shirya fim a kanta. Masu suka na cewa dukiyar gwamnati ake ƙonawa don nishaɗin waɗanda suka riga suka wadata. Sukar na da tushe, domin man jirgin yaƙi ba arha ba ne. Sai dai baƙin ba su ke ɗaukar nauyin tawagar ba, balle su juya ta. Kasafin rundunar ne ke riƙe da ita, kuma yawancin kujerun baƙin, malamai da jagororin al'umma ake ba wa.