Rolls-Royce Mai Sulke: Motar Attajirai A Fagen Yaƙi



In aka ce Rolls-Royce, masu kuɗi ke faɗo mana a rai. To a 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojan ruwan Birtaniya suka ɗauki samfurin Silver Ghost, suka cire bodin alfarmar, suka lulluɓe ta da ƙarfe, suka ɗora mata hasumiya mai juyawa ɗauke da bindigar Vickers. Me ya sa ita? Injinta mai silinda 6 ba ya saurin lalacewa. Nauyin sulken kuwa, shi ya sa aka yi mata tayoyin baya bibbiyu kowane gefe.

Amma fa a Faransa ba ta yi dogon zango ba. Da sojoji suka shige ramuka, ga taɓo ga waya mai ƙaya, ina mota za ta bi? Sai aka tura su hamada, inda Lawrence ya riƙa kai wa layin dogon Hijaz na Daular Usmaniyya hari da su.

Ga inda ba a cika faɗa ba: a shekarun 1920, da irin motocin nan Birtaniya ta riƙa sintiri a Iraƙi, tana danne masu ƙin mulkinta. Har 1941 suna bakin aiki a can.