Unguwar Radburn da Haƙƙin Mai Tafiya a Ƙasa

Kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuto wani abu na tarihi a fitowar bana. Da na dubi yadda 'ya'yan garinmu da yawa suke zaune a rukunonin gidaje a Abuja da Kaduna da Kano, inda masu gidaje suka kafa ƙungiya, suka sa ƙofar ƙarfe a bakin layi, suna biyan maigadi duk wata, sai na ga ya dace in kawo tarihin irin wannan ƙungiya a Amurka da nauyin da ya hau kanta game da masu tafiya a ƙasa.

Kafin zuwan mota, titi a biranen Amurka na kowa ne: yara na wasa, 'yan talla na kai da kawowa. A 1908 kamfanin Ford ya fito da motar nan mai araha da ake kira Model T, kuma zuwa 1927 ya ƙera fiye da miliyan 15. Da motoci suka cika gari sai kaɗe mutane ya yawaita, musamman ƙananan yara. A 1923 kimanin mutum 42,000 a birnin Cincinnati suka sa hannu a takardar neman a ɗaura wa kowace mota na'urar da za ta hana ta wuce mil 25 a awa. Dillalan motoci suka tashi haiƙan, aka kaɗa ƙuri'a, shawarar ta faɗi.

Ganin ba a iya rage wa mota gudu ba, wasu masana tsara gari biyu, Clarence Stein da Henry Wright, suka ce a raba ta da mutane. A 1929 aka buɗe unguwar da suka tsara, mai suna Radburn, a jihar New Jersey kusa da birnin New York. Manyan tituna suna zagaye unguwar ta waje, mota kuwa ba ta isa gida sai ta gajeren lungu wanda ba ya ɓullewa. Fuskar gidaje tana kallon lambu da hanyar ƙafa, bayansu ne ke kallon lungun mota. Inda hanyar ƙafa ta ci karo da titi a kan hanyar makaranta, sai aka haƙa mata mashigi ta ƙarƙashi, domin yaro ya je aji ba tare da ya tsallaka gaban mota ba.

To, wa zai kula da lambunan da hanyoyin ƙafar, tunda ba na mutum ɗaya ba ne? Aka kafa ƙungiyar unguwa, aka rubuta a takardun sayen gida cewa duk mai gida zai riƙa biyan kuɗin kula da su. An yi niyyar wurin ya ɗauki mutum kusan 25,000, amma kasuwar hannun jari ta rushe a watan Oktoba na 1929, kamfanin ya karye bayan 'yan shekaru, aikin ya tsaya. Mutanen unguwar kimanin 3,000 ne kawai, sai dai ƙungiyar ta ci gaba da aikinta, kuma a 2005 gwamnatin Amurka ta sa Radburn cikin wuraren tarihi na ƙasa.

An kwaikwayi wannan tsari a wurare da dama. Ɗaya daga ciki shi ne rukunin gidajen da ake kira Village Green a Los Angeles, wanda aka gina a farkon shekarun 1940 da shawarar Stein ɗin nan. A can ne aka yi shari'ar da ta fayyace nauyin ƙungiya. A 1980 ɓarayi suka fasa gidan wata mata. Ta roƙi kwamiti ya ƙara fitilu a hanyar da ke gaban gidanta, aka yi ta jan ƙafa. Ta sa nata, kwamiti ya ce ta cire domin sun saɓa wa dokar unguwa. A wani dare na watan Oktoba, gidan na cikin duhu, wani ya shiga ya yi mata fashi da fyaɗe. A 1986 Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta yanke cewa tunda ƙungiya ce ke iko da wuraren da kowa ke bi, kula da lafiyar masu bin su yana wuyanta kamar yadda yake wuyan mai gidan haya, kuma ƙara tana iya shafar 'yan kwamiti su kansu.

'Yan'uwa, hukuncin Kalifoniya ba ya aiki a kotunanmu, amma hujjarsa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wanda ya karɓi kuɗin jama'a, ya riƙe mabuɗin ƙofa, ya kafa doka, ya ɗauki amana. A ganina ƙungiyoyinmu sun fi damuwa da ɓarawon dare, alhali yaron da ke dawowa daga Islamiyya da magariba, da tsohon da ke tafiya masallaci da asuba, da 'yar aikin da aka aika shago, motar maƙwabci ce ta fi zame musu haɗari.

Ina roƙon duk ɗan garinmu da ke cikin irin wannan kwamiti ya sa maganar a taro na gaba. A yi tudun rage gudu kusa da makaranta da masallaci, a rufe kwatocin da ke buɗe, a gyara fitilun da suka mutu, a hana ajiye mota a inda mutane ke bi. Wanda ya kawo koke a rubuta, a ba shi amsa da ranar gyara. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya kare mu da iyalanmu, ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai, amin.