Masu auna kabon: aikinsu, inda ake koyonsa, da yadda ya shafi Damargu

Kalmar "kabon" ta fara yawa a bakin ma'aikatan furoje da na gandun daji, har ana cewa sayar da shi ake yi. To, akwai mutanen da sana'arsu ke nan: su bi sawun kabon daga iska zuwa itace, daga itace zuwa ƙasa, daga ƙasa ya sake komawa iska, suna aunawa suna rubutawa. Mun tattaro wannan bayani saboda ɗalibanmu da iyayensu, da kuma duk mai gona ko mai garke da wata rana za a iya zo masa da takarda a ce ya sa hannu.

Shi kansa kabon

Kowa ya san gawayi. Yawancin abin da ke cikinsa kabon ne, kuma busasshen itace kusan rabin nauyinsa kabon ne. Tsiro yana zuƙo shi daga iska da taimakon hasken rana, ya gina saiwa da reshe da ganye. Akuya ta ci ganyen, ta fitar da wani a numfashi, wani a kashi. Gara da ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye abin da ya faɗi ƙasa, su mayar da mafi yawansa sama. Ɗan abin da ya rage a ƙasa shi ne ke sa gona ta yi duhu, ta riƙe laima.

Matsalar duniya ita ce abin da ke hawa sama ya fi abin da ke saukowa, saboda ƙona man fetur da kwal da gas. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar da muke shaƙa. Yau ta haura 420. Ɗaya daga cikin tashoshin da ke bin wannan lissafi tana Assekrem, a kan duwatsun Hoggar kusa da Tamanrasat, garin da ƴan ci-raninmu suka sani sarai.

Daga gaɓar ƙanƙara zuwa jigawa

Wurin da wannan bincike ya fi ɗaukar hankalin duniya shi ne Aktik, can ƙuryar arewacin duniya: gaɓar tekun Rasha, Kanada da Alaska. Ƙasar can a daskare take rani da damina, shekaru dubbai, kuma ta danne ragowar tsirrai da dabbobin da sanyi ya hana su ruɓewa. Masana sun ƙiyasta kabon da ke ciki ya kai wajen tan biliyan 1500, kusan ninki biyu na wanda ke sama. Tun daga 1979 yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu bisa ga sauran duniya. Ƙanƙarar da ke kare gaɓa tana janyewa, igiyar ruwa tana cin ƙasa kamar yadda kwari ke cin gona, wajen rabin mita a shekara in an daidaita, a wasu wuraren mitoci da yawa. Abin da ya zube cikin teku, wani ya nutse, wani ya ruɓe ya tashi sama. Gano nawa ne ya nutse, nawa ne ya tashi, shi ne aikin da masu bincike irin na cibiyar Alfred Wegener ta Jamus suke kwashe shekaru suna yi a tsibirin Herschel na Kanada.

Su can rumbu ne cike yake yoyo. Mu nan rumbun ne bai da komai sosai. Jigawar Sahel yawanci kabon ɗin da ke cikinta bai kai giram 3 a kilo guda na ƙasa ba. Zafi yana sa komai ruɓewa da sauri, kara da ciyawa kuma ba su kwana a gona: dabba ta ci, a yi darni, a hura wuta, sauran iskar hunturu ta kwashe. A Damargu, inda ruwan shekara da ƙyar yake wuce milimita 300, babban ma'ajin shi ne itatuwa da saiwoyinsu: aduwa, kandili, dakwara, jiga, anza.

Yadda aikin yake

Kada a zaci zaman ofis ne cikin sanyin na'ura. Mai bincike yakan shata fili, ya ƙirga duk itacen da ke ciki, ya auna kaurin kowanne a tsayin mita 1 da santimita 30, ya auna tsawonsa da faɗin inuwarsa. Don a san nauyin itace ba tare da an sare shi ba, sai an taɓa sare wasu irinsa, an busar, an ɗora a sikeli, an fitar da ƙa'idar lissafi. A nan ake yawan tafka kuskure, domin ƙa'idar da aka fitar da itatuwan kurmi ba ta dace da anza mai rassa goma daga tushe guda ba. Ƙasa kuwa a kan haƙo ta zuwa zurfin santimita 30, a tankaɗe, a kai ɗakin gwaji. Da yawa har yau suna amfani da hanyar Walkley da Black, wadda aka fitar tun 1934.

Akwai kuma hasumiya mai na'urar da ke auna shigar iskar kabon da fitarta dare da rana. A Wankama, wajen kilomita 60 gabas da Yamai, an kafa irinta tun 2005 a gonar hatsi da kuma a saura, ƙarƙashin shirin AMMA-CATCH.

Sai tauraron ɗan adam. A 2023 mujallar Nature ta buga aikin su Compton Tucker na hukumar NASA da Martin Brandt na jami'ar Kopenhagen. Sun ƙirga itatuwa biliyan 9,9 ɗaya bayan ɗaya a busassun yankunan Afirka da ke arewa da tsakiyar duniya, daga tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, suka ce kabon ɗinsu ya kai tan miliyan 840. Wannan adadi ya yi ƙasa da abin da yawancin ƙiyasin baya suke faɗi. Kuma hoton sama bai isa shi kaɗai ba, sai da aka haɗa shi da awon da mutane suka yi da hannu a daji.

Haka ma labarin sassaben zamani. Manoman Maraɗi da Damagaram ne suka bar tsiro ya girma a gonakinsu tun shekarun 1980, amma duniya ba ta yarda ba sai da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka bi Magarya, Matamai da Mirya, suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi. Daga irin wannan aiki ne aka samo adadin da ake ta maimaitawa, hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200.

Hanyar shiga

Ƙofar farko ita ce bak na fannin kimiyya, C ko D. Daga nan lisansi shekara 3, masta shekara 2, dakta aƙalla shekara 3. Ana iya bi ta fannin noma, ilimin ƙasa, ilimin tsirrai, kimiyyar haɗe-haɗe ko labarin ƙasa. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da tsangayar noma da ta kimiyya, kuma a can shirin WASCAL, wanda Jamus ke tallafawa, yake horar da ɗalibai kan canjin yanayi da makamashi. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da tsangayar noma da muhalli. Jami'ar André Salifou ta Damagaram ita ce mafi kusa da mu. Wanda bai samu dogon karatu ba, makarantar IPDR ta Kollo tana yaye ma'aikatan fili, kuma ba a yin wannan bincike sai da su.

Wuraren aiki sun haɗa da INRAN da aka kafa a 1975, cibiyar AGRHYMET ta Yamai da aka kafa a 1974, tashar ICRISAT ta Sadore, da jami'o'in kansu. A ƙetaren iyaka akwai cibiyar noman busassun yankuna ta jami'ar Bayero a Kano.

Gaskiya hanyar ba mai sauƙi ba ce. Guraben aiki kaɗan ne, yawancin kuɗin bincike daga waje suke zuwa, kuma kowa ya ga yadda suke iya tsayawa in dangantakar ƙasashe ta canza, kamar bayan Yulin 2023. Lissafi da kwamfuta dole ne. Ingilishi ma dole ne, don da shi ake buga mafi yawan sakamako, ko da da Faransanci aka yi karatun. Amma yaron da ya tashi yana kiwo a Tarka yana da abin da ba a koyarwa a aji: ya san itacen da raƙumi ke ci, ya san wanda ke tohowa bayan fari, yana jin Hausa, wataƙila da Buzanci ko Fillanci. A ganinmu wannan ba ƙaramin jari ba ne, kuma ƴan mata ma suna da shi.

Inda kuɗi ya shigo

Tan 1 na kabon daidai yake da tan 3,67 na iskar kabon, kuma da wannan tan na biyu ake ciniki. Kamfanin da ke fitar da hayaƙi a wata ƙasa ya biya, a ce itatuwan wani gari sun shanye masa. An gwada a Nijar da dashen dakwara tare da Bankin Duniya tun tsakiyar shekarun 2000, kuma sai da garuruwan suka jira fiye da shekara goma kafin kuɗin su iso hannunsu. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 yana da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 da adana tan miliyan 250 na kabon kafin 2030, kuma yankinmu yana cikin layin da aka shata masa.

Abin lura, jama'a, shi ne kuɗin yana bin adadin da mai awo ya rubuta. In ya rage, gari ya yi asara. In ya ƙara, ranar bincike kwangila ta rushe. Sannan irin wannan kwangila takan ɗaure fili shekara 20 ko 30. Mu kuwa muna bakin iyakar noma da kiwo da dokar 1961 ta shata, kuma dokar makiyaya ta 2010 ta tabbatar wa mai garke haƙƙin yawo da dabbobinsa. Filin da aka killace don itatuwa yana iya zama burtali ko makiyayar wani. Don haka kafin a sa hannu, a kai maganar gaban hukumar filaye ta COFO da ke kwamin, a tambayi wa zai yi awon, da wace ƙa'ida, shekara nawa filin zai ɗaure, ko dabbobi za su shiga, kuma a nemi a bar wa gari kwafin sakamakon.