Ranar da Tuƙi ya Koma Hannu Ɗaya

Jama'a masu saurare, musamman matasan da ke shirin jarrabawar dokokin hanya, wadda a Nijar muke kira kod, ku matso kusa. Da yawanku na kukan cewa tambayoyin sun yi yawa, haddar ta ƙi zama. To, kowace doka a cikin littafin nan tana da mafari, kuma wanda ya san mafarin abu ba ya saurin mance shi.

Mu fara da tambaya ta farko: a wane hannu ake tuƙi? Yau ko yaron mota zai ce dama. Amma ka tambayi tsoffin direbobin Katsina ko Sakkwato ka sha labari. Faransa ta bar wa Nijar tuƙin dama, Ingila ta bar wa Najeriya tuƙin hagu. Direban da ya taso daga Jibiya zai tafi Maraɗi, ko daga Illela zai shiga Ƙonni, da ya iso iyaka sai ya sauya hannu. In ya sha'afa, sai dai a yi gaba da gaba. Ƙasa ɗaya ce a wurin ɗan kasuwa da makiyayi, amma titi ya rabu biyu.

Ranar Lahadi, 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta koma dama. Dalilin a fili yake: Nijar, Cadi, Kamaru da Dahomi, wato Binin ta yau, duk a dama suke. Saliyo ta riga ta sauya a 1971, Gana ta biyo baya a 1974. Daga nan ne sauran amsoshin suke fitowa. Tunda kana dama, sitiyari na hagu, kai direba kana kusa da tsakiyar titi, shi ya sa ake wuce mota ta hagu, inda idonka ke hango mai tahowa. Shi ya sa kuma ake shiga shataletale ta dama. Ka ga, amsa uku ke nan daga tarihi ɗaya.

Ita kanta jarrabawar ta girmi kakanninmu. Tun 1893 hukumar ƴan sandan Paris ta wajabta wa mai tuƙa mota ya mallaki takardar shaidar iyawa. A 1921 Faransa ta fitar da kundin dokokin hanya, kuma daga can muka gaji dokar da ke kayar da ɗalibai da yawa: a mararrabar da ba ta da allo ko fitila, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya. Babbar mota ba ta ba ka girma a nan. Daga can ne kuma rabon parmi ya zo: B na ƙananan motoci, C na motocin kaya, D na masu ɗaukar fasinja da yawa.

Sai alluna. A 1968 ƙasashe suka zauna a birnin Biyana na Ostiriya suka daidaita alamomin hanya, don wanda ba ya jin harshen ƙasa ya gane da ido. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne. Da'ira mai jan baki hani ce. Da'ira shuɗiya umarni ce. Ja mai kusurwa takwas, tsaya cak. Riƙe waɗannan huɗun, ka riƙe ginshiƙin darasin, ko Faransanci bai zauna maka ba.

Arɗo, kai ma kana ciki. Allon nan mai hoton saniya cikin kusurwa uku, dominka aka kafa shi, yana gaya wa direba ya rage gudu, dabbobi na tsallakawa. Amma allo ba ya taka birki. Direban da ya sayi parmi ta bayan fage bai san abin da saniyar ke faɗa masa ba, sai ya iske garke a bakin burtali da magariba. Kai ma in za ka ƙetare titi da dare, sa yaro a gaba da tocila, wani a baya.

Ɗan kasuwa kuwa, ka tuna an tsallaka iyaka ba a tsallake doka ba. A Najeriya akwai hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988, wadda Farfesa Wole Soyinka ya fara shugabanta. A nan ga jandarma da ƴan sanda. Kafin ka ɗora wa yaro buhunan wake da albasa, ka tambaye shi: wannan parmi, zama ka yi ka ci, ko kawo maka aka yi gida? Dukiyarka da rayukan mutane na kan amsar.

Kai mai shirin jarrabawa, in ka hau mota gobe, karanta kowane allo da ka gani, ka faɗa wa kanka ma'anarsa kafin ku wuce shi. Allah Ya ba da sa'a, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.